Wurin da Sanda Take Cizo

A asibiti na gane cewa hannunsa na dama ba ya ji, kuma ba likita ne ya fara gaya mini ba. Ina zaune a gefen gadonsa tun bayan azahar, na riƙe hannun ina murza yatsun a hankali, shi kuma fuskarsa tana wajen taga. Sai da aka kira la'asar ya juyo. Ya ga hannuna a cikin nasa, ya dubi fuskata, ya sake duban hannun, kamar wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar da baƙo a zaune. Duk tsawon lokacin nan bai san ina riƙe da shi ba.

Mijina malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Lafia. Hawan jini ne ya kayar da shi a gaban allo, da alli a hannunsa. Ya farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar dama tana ja, hannun dama ya zama kamar na aro, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "to". Da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake amsa gaisuwar masu dubiya. Da sannu na koyi rarrabe su, akwai doguwa ta godiya, akwai gajera ta fushi.

Ni ɗinki nake yi a gida, karatuna bai yi nisa ba. Ɗan abin da na sani na fiziks a tsakar gidanmu na ji shi, can wajen unguwar Azuba, kuma yawancinsa a kan sanda da ƙwallo ne. Shekarun baya wani ɗan bautar ƙasa ya zo makarantarsu da kayan wasan bezbol, sanda mai kauri a kai da siririn mariƙi, da wata ƙwallo fara mai tauri kamar dutse, an ɗinke ta da jan zare. Da yaron ya gama ya tafi, Malam, wato mijina, ya gaji wasan. Ba don gudu ko cin kofi ya so shi ba. Cewa yake duk abin da yake fama ya koyar a aji yana cikin lokacin da sandar nan take haɗuwa da ƙwallo.

Ranar da ya fara kawo sandar gida na ce masa, "Malam, wannan ai taɓarya ce da ba ta ƙoshi ba."

Ya ce, "Tela, ajiye almakashin nan ki zo ki yi karatu kyauta." Haka yake kirana, Tela.

Ya riƙe sandar da yatsu biyu daga wajen mariƙi, tana reto, ya ba ni ludayin ƙarfe ya ce in riƙa ƙwanƙwasa ta daga ƙarshe ina hawa. Ya sa na ɗora yatsana kusa da nasa. A can ƙarshe icen yana rawa, ana jin shi har cikin ƙashi. Na matso kamar tsawon tafin hannu, sai rawar ta ɗauke, ƙarar ma ta sauya ta yi kauri. Na ƙara matsowa sama, rawar ta dawo.

Ya ce, "Koma inda ta yi shiru. To nan ake nema. Idan ƙwallo ta sauka nan, hannu ba ya jin komai, ita kuma sai bayan katangar makaranta. Idan ta sauka wani wuri, ƙarfin da ya kamata ya tafi da ita sai ya tsaya a cikin icen yana girgiza, ya sauka a hannun mai bugu."

Na ce, "Wato sandar tana ramawa."

"Cizo take yi. A can ƙarshe ta ciji hannun da yake ƙasa. A nan kusa da mariƙi ta ciji na sama, tsakanin babban yatsa da manuni. Yaran har yarfe hannu suke yi kamar kunama ta harbe su."

Wata rana kuma ya ce mini ƙwallon tana isowa kafin mutum ya ƙifta ido, saboda haka mai bugu ba ya jira ya tabbatar, tun tana hanya yake kai duka inda yake zaton za ta bi. Na ce ashe caca suke koya wa 'ya'yan mutane. Ya yi dariya ya ce lissafi ne, sai dai jiki ne yake yin sa, kai ba ya samun lokaci. Ina jin waɗannan maganganun ne da rabin kunne, ƙafata tana kan keken ɗinki. Ban san wata rana zan zauna ina tono su ɗaya bayan ɗaya ba.

Bayan an sallame mu, ina kai shi gashin ƙashi asibiti a Keke Napep. Matar da take yi masa gashin 'yar ƙabilar Eggon ce, mai fara'a, amma ba ta ɓoye gaskiya. Duk zuwa sai ta sa ya rufe ido, ta tsikari yatsun da allura, ta shafa musu auduga, ta ɗora ƙanƙara. Shi kuwa yana zaune shiru yana jira a fara, alhali an gama. Wata rana a tsakiyar bazara ta ja ni gefe.

Ta ce, "Madam, ki ji ni da kyau. Ƙafa zai dawo kaɗan-kaɗan. Hannu ne ban sani ba. In ya fara ji, ko yaya ne, za mu bi shi. In damina ya faɗi bai ji komai ba, sai mu bar shi haka, mu koya wa Oga aiki da hagu."

Na ce, "A bar shi kamar yaya?"

Ta ce, "A rataya shi a wuya, kar ya ja kafaɗa. Shi ke nan."

Tun daga ranar na fara tsoron hadari. A Lafia kowa addu'ar ruwa yake yi a wannan lokacin, zafi ya hana barci, mutane suna kwana a waje. Ni kuwa kullum na fito da safe sai na dubi sama ina roƙon Allah ya ƙara mana kwana kafin ruwa. Ban damu da alli ba, ban damu da ko zai sake ɗaukar cokali ba. So nake in riƙe hannun mijina ya san na riƙe.

Babu abin da ban yi wa hannun nan ba. Mahaifiyata ta aiko da gishiri daga garin Keana, na riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi ina gasa masa. Na shafa man kaɗe har fatar ta yi sheƙi. Wansa, wanda muke kira Yaya, mai shagon atamfa a kasuwa, ya kawo rubutu, an sha an shafa. Kowa lallaɓa hannun yake yi, a ɗora shi a kan matashi, a rufe shi da tawul, kamar jariri.

Ɗalibansa da suka zo dubiya sun kawo masa jakar kayan wasan, na ajiye ta a bayan ƙofa. Wata la'asar yana zaune a kan benci a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, sai ya miƙa hannun hagu yana nuna ɗaki, yana cewa to, to. Na kawo ruwa, ya kawar da kai. Na kawo carbi, na kawo rediyo. Da na fito da sandar sai ya yi doguwar "to". Ya ɗora ta a cinya, ya kama ƙasan mariƙin da hagu, sannan ya dubi hannun dama, ya dube ni. Na yago ƙyallen atamfa daga tarkacen ɗinkina, na naɗe yatsun a saman na hagu, na ɗaure.

Ƙwallo kuwa tsumma na dunƙula na ɗinke, mai laushi, don kada in ji masa ciwo. Na jefa masa ita a hankali. Ko ɗaga sandar bai yi ba. Ya bar ta ta faɗi, ya sa ƙafar hagu ya ture ta cikin kwata. Na ɗauko na wanke na sake jefawa, ya sake turewa. Kwanaki muka yi a haka kafin na yarda na buɗe jakar na fito da ta gasken.

Haka muka shiga yi kullum bayan la'asar. Ina tsayawa wajen bakin rijiya, in jefa daga ƙasa, ina auna wurin nan da sandar take shiru, don in ya buga ta tafi ya ji daɗi. Amma ba ta taɓa tafiya ba. Sai in ga ya ɗan turo sandar gaba, ƙwallon ta sauka can kusa da hannunsa, ta yi wata ƙara maras daɗi ta gangara gabansa. Wurin da ya shekara yana hana yara, nan yake bugawa. Na ce a raina ciwon ya tafi har da lissafin. Ina tsintar ƙwallon ina juya masa baya don kada ya ga fuskata. Wani lokaci in shiga kicin kamar zan duba wuta, in tsaya in jira numfashina ya daidaita.

Wata safiya na ɗauki sandar zan goge. Jar ƙasar tsakar gidanmu tana manne wa ƙwallon, duk inda ta taɓa sai ta bar tabo. Na juya sandar a hannuna. Tabon duka a wuri ɗaya suke, sun taru sun yi da'ira, yatsu kaɗan sama da inda nake ɗaure hannunsa. Sauran icen fes yake. Na san ɗinkin wanda hannunsa yake rawa, warwatse yake fita, nan ɗaya can ɗaya. Wannan ba kuskure ba ne. Ni da nake jifa ba na ma iya jefawa wuri ɗaya sau biyu, amma shi duk inda na jefa sai ya tarye ta a nan.

Na fita da sandar na tsuguna a gabansa. Na nuna tabon na ce, "Malam, cizon kake nema?"

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "To."

"Amma ba ta cizo, ko? Jifata ba ta da ƙarfi."

Ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa, ya yi alamar jifa, irin ta maza.

Rabona da irin wannan jifar tun ina yarinya muna kaɗo mangwaro a hanyar rafi. Da la'asar na ɗaure zanina da kyau, na ja baya har jikin katanga. Ta farko ta wuce shi ta daki ƙofar langa-langa, kaji suka watse. Ta biyu ta faɗi kafin ta isa. Yaya ya yi sallama ya shigo daidai lokacin da na saki ta uku. Ban san yadda aka yi ba, ko ni ce na karkata, ko shi ne ya turo sandar da yawa. Ba ta sami icen ba. A kan yatsunsa ta sauka.

Fatar ta fashe a kan gaɓar manuni, jini ya biyo ƙyallen yana ɗiga a wandonsa. Shi kuwa idonsa yana kaina, ya gyara zama, yana jira in sake jefowa. Bai san an yi komai ba. Sai da ya ga inda nake kallo ya sunkuyar da kai.

Na zauna a ƙasa inda nake.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya kwance ƙyallen, ya sa hankicinsa ya ɗaure yatsan. Ya ce, "Ƙanwata, na san kin gaji, kowa ya ga ƙoƙarinki. Amma mutum yana wannan halin a riƙa jifansa da dutse?"

Na ce, "Yaya, shi ya ce."

"Ya ce? Da wane bakin?"

Malam ya yi gajerar "to", har sau biyu, yana riƙe da sandar da hagu. Yaya ya zare ta daga hannunsa a hankali. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake. Baba ya ce kasuwa, ka ce boko. Yanzu ana neman lafiyarka kana neman ƙwallo." Ya sa ta a hammata ya tafi da ita.

Ban hana shi ba, domin a ranar ni ma na yarda da shi. Idan ƙwallo mai taurin dutse ta fasa yatsa bai ji ba, me rawar ice za ta yi? Na wanke ciwon da ruwan gishiri, wanda da mai ji ne da ya yi tsalle, shi kuwa yana kallon katanga.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Ya daina fita ƙarƙashin mangwaro. Idan na kawo abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Ko "to" ɗin ma ya rage. Ranar gashi matar ta ga yatsan ta tambaya, na ce faɗuwa ya yi. Ta yi allurarta da audugarta, sai na ga ta ɗauko wani baƙin maratayi daga durowa tana gwada tsawonsa a kafaɗarsa, ta ce in ya so wani zuwan. A hanyar dawowa iska ta taso daga kudu mai ƙanshin ruwa. Mai Keken ya ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, an yi ruwa a Doma."

Washegari da hantsi na sa mayafi na tafi kasuwa. Ban taɓa zuwa shagon Yaya ni kaɗai ba. Na gaishe shi, na tsaya a bakin kanta har masu ciniki suka tafi. Sandar tana jingine a bayan bandiran atamfa.

Na ce, "Yaya, na zo roƙo ne. Ba ya cin abinci."

Ya ce, "In kika karya masa yatsa fa?"

"In na karya, ba zai ji ba. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya dubi titi. Can ya tashi ya naɗe sandar a takardar siminti don kada 'yan kasuwa su ga matar ƙaninsa da kulki. Ya ce zai zo da la'asar, kada in fara sai yana nan.

Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ganyen mangwaro yana ta zuba. Wannan karon na naɗe yatsun da auduga da ƙyalle mai kauri ta waje, na bar tafin hannun tsirara a jikin icen, na ɗaure tam. Yaya ya tsaya a bayan bencin ya dafa kafaɗun Malam. Na ja baya. Na tuna ya ce mai bugu ba ya jira ya tabbatar, to ni ma na daina auna komai. Na dubi jan tabon nan na saki da duk ƙarfina. Malam ya kai duka ya rasa. Na sake, ya rasa. Yaya da kansa yake tsinto ƙwallon yana miƙo mini, yana cewa, "A hankali dai, a hankali," ni kuma ba na yi a hankali. Kafaɗata ta fara zafi. Ɗigon ruwa ya fara sauka a kan langa-langa ɗaya-ɗaya, ina jin kowanne.

Ban san ta nawa ba ce. Na ji ƙarar dai, irin ta icen da ya kusa tsagewa, ƙwallon ta faɗi gabansa ko tafiya ba ta yi ba. Malam ya tsaya cak. Bai dube ni ba. Ya saki mariƙin da hagu, sandar ta rataya a jikin hannun da aka ɗaure. Ya kai yatsansa na hagu a hankali ya ɗora tsakanin babban yatsa da manuni na dama, ya danna wurin, ya sake dannawa.

Yaya ya sunkuya ya ce, "Ka ji wani abu?"

Bai ce "to" ba. Rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga, wata dariya ta fito maras sauti, kafaɗunsa suna rawa. Ruwan ya sauko sosai, muka kama shi mu biyu muka shiga da shi ɗaki da sandar a hannunsa.

Ranar gashi na gaya wa matar gaskiya, har da maganar yatsan. Ta ce, "Madam, ke da Oga duk ba ku da kirki." Ta sa ya rufe ido ta tsikari yatsun da allura, bai motsa ba. Sai ta buɗe durowa ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ta buga shi a gwiwarta ya kama rawa, ta ɗora gindinsa a kan ƙashin babban yatsansa. Ya ce, "To." Ta kama ƙarfen ya daina rawa, ta sake ɗorawa, ya yi shiru. Ta sake bugawa ta ɗora, ya ce, "To." Ta ce mini ji ba iri ɗaya ba ne, hanyar zafi daban, hanyar girgiza daban, kuma tasa ɗaya ta fara buɗewa. Ta mayar da baƙin maratayin cikin durowa.

Hannun bai taɓa komawa yadda yake ba. Bai riƙe alli ba, bai riƙe cokali ba. Cikin daminar ya fara bambanta kofi mai zafi da mai sanyi, daga baya babban yatsan ya fara ɗan motsi idan ya daɗe yana kallonsa. Mun ci gaba da wasanmu duk ranar da ba ruwa, kuma bai taɓa neman wurin da sandar take shiru ba.

Bayan an yi girbi ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai buɗe ido ba. A asibitin nan dai, da rana, na zauna a gefensa na dama. Na kama hannun ban yi magana ba, ban yi motsin da zai ji da kunne ba. Na ɗan jima a haka. Sai babban yatsan ya matso ya kwanta a kan nawa.

Washegari ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗalibansa sun zo ta'aziyya na ba su jakar da ƙwallon, amma sandar tana nan a bayan ƙofa, ban goge jan tabon ba.